Ranar da Hotunan Kawu Suka Ƙi Buɗewa

A wani ƙaramin ofis da ke saman shagon taya, inda ake ƙera wa 'yan kasuwa shafukan intanet, an yi wani ma'aikaci da kowa ke kira Ba-Gyara. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk lokacin da ya gama aiki sai ya tura kujerarsa baya, ya harɗe hannuwa a ƙeya, ya ce, "Wannan ba gyara." Ko shayi ya haɗa haka zai ce. Abokan aiki suka liƙa masa sunan don tsiya, shi kuwa ya ɗauka lambar girma ce, har ya sa aka buga masa a bayan riga.

Aikinsa shi ne fuskar shafi, wato abin da mai waya ke gani yana taɓawa: rubutu, hotuna, da maɓallan da ake latsawa. Kuma tsakani da Allah ba jahili ba ne, hannunsa na da sauri. Ciwonsa ɗaya, ya yi imani cewa ƙa'ida don 'yan koyo aka yi ta.

Madam, mai ofishin, ta yi magana har ta gaji. Takan ce a ba kowane abu a cikin kod, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da shafi, sunan da wani zai gane, kada a kwaso kod daga intanet a liƙa ba a san abin da yake yi ba, a gwada shafi a ƙaramar waya tun kafin a yi murna da shi a babban allo. Babbar dokarta kuwa, ba a sakin aiki sai abokin aiki ya duba. Ba-Gyara yana son wannan dokar ƙwarai idan shi ne mai dubawa. Idan nasa za a duba, sai ciwon kai ya kama shi.

Wata ranar hutu suka je gaishe da kawun matarsa, mai babban kantin kayan ɗaki a bakin titi. Kawu shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, don haka a dangin nan maganarsa ta fi ta kowa nauyi. Ana cikin hira ya yi ƙorafi cewa masu kantin tsallaken titi sun buɗe shafi, yanzu mutum yana kwance a gadonsa zai sayi wani gadon.

Ba-Gyara ya ajiye kofi. "Kawu, da sun san wanda ke cikin danginka, da ba su fara ba. Shafinsu na gani, aikin 'yan makaranta ne. Ni zan yi maka wanda idan mutum ya buɗe sai ya ji ƙamshin sabuwar kujera."

Matarsa ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar ya ci gaba.

"Kuma ni kaɗai zan yi. Hannu da yawa ɓata aiki yake."

Kawu ya ji daɗi, ya fara kiransa Injiniya tun daga ranar. Washegari ya kawo aikin da kansa har ofis.

Aka yi dace, ko rashin dace, a makon nan Madam ta tafi hutun haihuwa. Tana bakin ƙofa da jakarta ta juyo ta ce, "Aikin surukinka naka ne, amma Dogo zai duba kafin a saki."

Dogo shi ne mai tebur na kusa da taga, sa'an Ba-Gyara a aiki, kuma harshensa ya fi shi tsawo. Su biyun sun shekara suna zaman doya da manja.

Ba-Gyara ya duƙufa. Ya janyo allo mafi girma a ofishin ya kafa a gabansa. Ya zaɓo wani salon haruffa mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen gyale. Ya sa wata jar kujera tana juyawa a tsakiyar shafi. A wani shafin ƙasar waje da bai san harshensu ba, ya tsinci kod mai sa ƙaho da ganguna su tashi da zarar an buɗe, ya kwafo shi ɗungurungum ya liƙa.

Wata rana Dogo ya zo wucewa da kofin shayi, ya tsaya a bayansa yana karanta kod ɗin.

"Mene ne wannan da ka sa wa suna 'abu'?"

"Abu ne."

"'Abu biyu' fa?"

"Ƙanensa."

"Wannan kuma da ka rubuta 'kar a taɓa'?"

"To ka ga ya gaya maka da bakinsa."

"Idan an taɓa me zai faru?"

"Ban sani ba. Shi ya sa na ce kar a taɓa."

Dogo ya kurɓi shayi. "Ban ga ka ajiye komai a ma'ajiyar ofis ba. In abu ya lalace ta yaya za ka koma baya?"

Ba-Gyara ya buɗe masa kwamfutarsa cikin alfahari. Foldoji ne jere: "na ƙarshe", "na ƙarshe sabo", "na ƙarshen gaske", "wallahi na ƙarshe", sai "wallahi na ƙarshe gyararre".

"Gyararre," in ji Dogo. "Na ɗauka ba gyara."

"Ka koma tagarka."

"Zan koma. Amma hotunan nan ka rage musu nauyi. Kowane ɗaya ya isa ya durƙusar da waya."

"Hoton Kawu zan rage? Ka taɓa ganin an rage babban mutum?"

Ranar da ya gama, tun safe yana kanti tare da mai hoto ana ɗaukar ragowar hotuna. Kawu ya sa an yi ta sake ɗaukarsa, a tsaye, a zaune, da tabarau, ba tabarau. Manajan kantin kuma ya bi Ba-Gyara kamar jela yana ba shi shawara a kan aikin da bai sani ba. Sai bayan la'asar ya dawo ofis, ko ruwa bai sa a cikinsa ba. Ya tarar Dogo ya fita ganin wani mai aiki. Ya ce a ransa, ga dama ta samu, bari in ɗora shafin a intanet kafin mai dogon baki ya dawo.

Sai na'urar ofis da ke ɗora shafuka ta ƙi. Madam ta saita ta yadda ba za ta karɓi shafi ba sai an rubuta wa kowane hoto ɗan bayanin abin da ke cikinsa, saboda masu larurar gani da wayarsu ke karanta musu, da kuma lokacin da hoto ya ƙi buɗewa. Ba-Gyara ya duba, hotuna sun fi gashin kansa yawa. Ya yi tsaki.

"Wa ke karanta wannan? Ko aljani ba ya leƙa nan."

Ya shiga cike guraben da duk abin da ya zo bakinsa, yana yi yana dariya shi kaɗai. Na'urar ta karɓa, don ita ba ruwanta da abin da aka rubuta, a dai rubuta. Shafi ya hau intanet ba wanda ya duba.

Da Dogo ya dawo ya ji, sai ya ce, "Allah Ya sa a yi a gabanmu."

An tsayar da ranar bikin buɗe shafin a kanti, amma Ba-Gyara ba zai iya jira ba. Washegari ya tafi aski a shagon layinsu, inda tela da direban tasi da mai kemis ke zaman hira. Yana zama a kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ce, "Ku ciro wayoyinku ku ga abin da ake kira aiki."

Tela ya fara buɗewa. Ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawowa.

"Injiniya, me ake nufi da 'kayan aki masu arko'?"

Ashe salon haruffan nan mai kwalliya ba shi da ƙa, ba shi da ɗa, ba shi da ɓa. Duk inda suke sai ya bar fili.

Mai kemis ya ce, "Ni abin da ya burge ni gaskiyar Kawun. An rubuta da manyan baƙaƙe, 'Ba mu da inganci'."

Ba-Gyara ya fizge wayar. Taken kantin shi ne "Ba mu da na biyu a inganci". A babban allon ofis ya fito tsaf. A wayar mai kemis kuwa jar kujerar nan ta zo ta zauna daidai kan "na biyu a", tana ta juyawa abinta.

"Wayoyinku ne," in ji shi. "Waya kamar akwatin ashana."

Mai aski ya ce, "To mu masu akwatin ashana ba ma kwana a gado ne?"

Duk wannan lokacin wayar direban tasi tana ta fama, don tsohuwa ce. Mai aski ya ɗora inji a tsakiyar kan Ba-Gyara ke nan shafin ya buɗe, ƙaho da ganguna suka fashe a cikin ɗan shagon. Mai aski ya zabura, injin ya yi tafiyarsa daga goshi har ƙeya.

Direban tasi ya leƙo ya duba. "Titi mai kyau. Ba rami ko ɗaya."

"Kashe abin nan," in ji mai aski.

"Ta ina? Injiniya, ina makashinsa?"

Babu makashi. Sai da direban ya cire batirin wayar. Ba-Gyara ya koma gida da kai tal kamar ƙwai, ya gaya wa matarsa cewa sabon yayi ne na masu aikin ƙwaƙwalwa.

Amma labari ya riga ya zaga layi, kuma ya isa wurin mai kitso da ke gidan da ke kallon na su Ba-Gyara. Dama tana son saya wa mahaifiyarta katifa. Ta buɗe shafin, ta jure wa ƙahon, ta zaɓi katifa, ta latsa maɓallin oda. Maɓallin bai motsa ba, bai ce an karɓa ba, bai ce a jira ba. Ta sake latsawa. Ta yi ta latsawa. Ta miƙa wa matar da take yi wa kitso, ita ma ta gwada sa'arta. Masu jiran layi kowa ta sa albarka. Daga ƙarshe suka haƙura suka ce abin ba ya aiki.

Yana aiki. Kowace latsawa ta isa kanti a matsayin oda guda.

Da hantsi washegari babbar motar kantin Kawu ta shigo layin, katifu sun yi tsiri a bayanta har suna shafar wayoyin lantarki. Ta tsaya a ƙofar mai kitso. Mai kitso ta fito da mataji a hannu, ta ɗaga kai ta bi tsirin da kallo.

"Malam direba, uwa ɗaya gare ni."

"Ni dai nan aka ce in sauke."

Mutane suka fara taruwa. Tela ya ce ko otal za ta buɗe. Ba-Gyara ya leƙo ta taga, ya gane motar, ya gane abin da ya faru. Ya fito da gudu da silifas ɗaya.

"Kuskuren lambar gida ne," ya ce wa direban. "Guda ɗaya nata. Sauran odar wani babban kamfani ce ta hannuna. Ku shigar min da su ciki."

Aka cika falo har rufi. Aka cika baranda. Aka jingine wasu a lungun banɗaki. Matarsa ta dawo daga kasuwa ta tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu, tana jin muryar 'ya'yanta daga can sama kusa da fanka suna tsalle.

"Baban yara, ta ina zan shiga kicin?"

"Akwai hanya ta gefen hagu, in kin karkace."

Ta ajiye ledar. "Ka kira Kawu ka gaya masa gaskiya."

"Bayan biki."

"To ka ba Dogo ya duba maka, tun da sauran mutunci."

"Dogo? Ni zan kai wa Dogo aikina?"

"Wanzami dai ba ya son jarfa," in ji ta, ta karkace ta shige.

Ko minti biyar ba a yi ba Kawu ya kira, muryarsa har rawa take don murna. "Injiniya, Allah Ya yi maka albarka. Ba a ma buɗe ba an kwashe katifun sito. Na ƙara yawan baƙi. Har na tsallaken titi na gayyata, su zo su gani da idonsu."

Ba-Gyara ya ce, "Kaɗan ka gani, Kawu." Yana ajiye wayar wata katifa ta zamo daga sama ta danne shi.

Ranar biki aka share tsakiyar kanti, aka ja labule, aka kafa majigi yana haska farin bango. Baƙi suka zauna a kan kujerun sayarwa, ana raba lemo. Ga 'yan kasuwa, ga dangi, ga mutanen layin su Ba-Gyara da matarsa ta gayyato, ga mai kantin tsallaken titi ya harɗe ƙafa a sahun gaba. Madam ta zo da jaririyarta a kafaɗa, Dogo na biye da ita. A kujera mafi laushi kuma aka zaunar da Kawu Babba, yayan Kawu, dattijon da idonsa ya yi rauni kuma kunnensa ya fara nauyi. Jikokinsa sun saita masa waya mai karanta masa komai da murya, kuma kullum a ƙure take.

Ba-Gyara ya fito da hula ya rufe aikin mai aski. Ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ya ƙera shafin shi kaɗai, ba da taimakon kowa ba, yana faɗa yana kallon Dogo. Sannan ya ɗaga hannu.

"Ina so kowa ya shiga intanet ɗin kanti, mu buɗe tare a lokaci guda."

Madam ta buɗe baki za ta yi magana. Dogo ya ce a hankali, "Bar shi, Madam. Ba gyara."

Suka buɗe. Ƙaho ya tashi daga kowane aljihu da kowace jaka, wani na farawa wani na tsakiya, kamar an saki motocin ɗaukar kaya a kasuwa. Jaririyar Madam ta tsandara kuka. Aka yi ta rufe wayoyi da tafin hannu, wasu suka zauna a kan nasu. Da ƙyar abin ya lafa.

A bango kuwa shafi ya fito, amma babu hoto ko ɗaya. Intanet ɗin kanti ya kasa ɗaukar nauyinsu ga wannan taron. A gurbin kowane hoto sai wani fili, da ɗan rubutu a ciki. Mutane suka fara matse ido suna ƙoƙarin karantawa. Ba su sha wahala ba, don a cikin shirun nan wayar Kawu Babba ta fara aikinta, da muryar mace mai natsuwa, wadda ba ta sauri ba ta jin kunya.

"Hoto. Kujera mai muni, launin ciwon ciki."

Wani ɗan kasuwa da ke zaune a kan wata koriyar kujera ya duba ƙasansa, ya miƙe a hankali.

"Hoto. Gadon da ya shekara bai sayu ba, kuma ba zai sayu ba."

"Hoto. Wata kujerar kuma. Allah Ya kawo ƙarshen kujerun nan."

"Hoto. Manaja, yana murmushi kamar ya san aiki."

Manaja, da ke tsaye da tiren lemo, ya daina murmushi.

"Hoto. Madubi. Na gaji, yunwa nake ji."

Ba-Gyara ya nufi Kawu Babba da sauri, amma kujeru sun tare hanya, kuma ba a tsallake dattijo a ƙwace masa waya.

"Hoto. Kawu da tumbinsa. Tumbin ne a gaba."

Wani ya ƙware da lemo.

"Hoto. Kawu kuma. Ya sa an sake ɗauka sai ka ce fuskar za ta canza."

Kawu Babba ya karkato da kunne. "Wace yarinya ce wannan mai gaskiya haka? Ban ji na tumbin sosai ba." Ya lalubi wayar ya latsa, ta maimaita masa.

Daga can baya direban tasi ya fara, sai mai kemis, sai dariya ta ɓarke ko'ina. Matan dangi suna rufe baki da mayafi kafaɗunsu na rawa. Kawu bai yi dariya ba. Ya dai ja cikinsa ciki iya ƙarfinsa, ya juyo ya dubi surukinsa.

"Injiniya."

"Masu kutse ne, Kawu," in ji Ba-Gyara, gumi na bin ƙarƙashin hularsa. "Aikin maƙiya ne. Akwai waɗanda ba sa son ci gabanka, kuma ba su da nisa." Ya kalli sahun gaba.

Mai kantin tsallaken titi ya sauke ƙafa. "Tumbin dai duk titin nan mun san shi. Amma ta yaya muka san kana jin yunwa?"

"Minti ɗaya, yanzu zan kore su."

Ya faɗa kan kwamfutarsa, ya manta tana haɗe da majigi. Duk kanti suka ga foldojinsa a bango. Tela ya shiga karantawa da ƙarfi don amfanin na baya. Da ya kai "wallahi na ƙarshe" sai mai aski ya ce, "Wannan dai ya yi rantsuwa, shi za ka buɗe." Ba-Gyara ya buɗe, ba shi ba ne. Ya buɗe na gaba, shi ma ba shi ba ne. Ya ga "abu", ya ga "abu biyu", ya rasa wanne ne ke riƙe da hotuna. Can ya kai kan wani dogon layi.

Dogo ya ce daga inda yake, "Wannan shi ne aka ce kar a taɓa."

"Ni na rubuta, ni zan taɓa."

Ya goge shi, ya tura. Shafin ya ɗauke gaba ɗaya. Bango ya koma fari fat, sai jar kujerar nan ita kaɗai a tsakiya tana juyawa.

Kawu mutum ne da ya daɗe a kasuwa, ya san yadda ake rufa wa kai asiri. Ya miƙe ya gyara riga ya fuskanci baƙi.

"Jama'a, sabon abu dole ya yi tuntuɓe. Amma ko ba komai, shafin nan ya sayar min da katifun sito kaf tun kafin yau."

Mai kitso ta ɗaga hannu daga cikin mata. "Kawu, ni ce mai odar. Guda ɗaya na nema."

"Sauran fa?"

Direban kanti, da ke jingine da ƙofa, ya ce, "Suna falon Injiniya. Ya ce na babban kamfani ne."

Kawu ya juya ga 'yar da ya riƙa. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Kawu, kwana nawa ke nan a karkace nake shiga kicin."

Daga nan taro ya watse da kansa. Mutane suka fita suna sallama da murya ƙasa-ƙasa, suna kai wa bakin titi sai ka ji sun fashe. Mai kantin tsallaken titi ya tsaya ya yi wa Kawu musabaha, ya ce in har koriyar kujerar nan ta gagara, yana da sito.

Aka rage daga dangi sai ma'aikata sai mutanen ofis. Madam ta miƙa wa Dogo jaririya, ta zauna gaban kwamfutar. Na'urar ofis tana ajiye kwafin duk abin da aka taɓa ɗorawa, don haka cikin ɗan lokaci ta mayar da shafin yadda yake da safe.

"Ya dawo," in ji ta. "Har da zagin."

Ta dubi Ba-Gyara. "Gobe za ka zauna kusa da Dogo, ku bi kod ɗin nan layi-layi. Duk abin da ka kasa faɗa masa aikinsa, ya fita. In ka ƙi, akwai shagon taya a ƙasa, na ji suna neman mai hannu da sauri."

"To, Madam."

Kawu ya janyo kujera ya zauna dab da shi, har tumbin na taɓa gwiwar hannunsa. "Kafin gobe akwai na yau. Bayanin hotunan nan yanzu za ka sake su, muna zaune. Madam, yaya ƙa'idar take?"

"A taƙaice, kuma a faɗi abin da ke cikin hoton tsakani da Allah."

Haka aka yi. Ba-Gyara na bugawa, Dogo na jijjiga jaririya yana duba masa kuskure ta saman kafaɗa, wayar Kawu Babba na karanta kowane sabo don a tabbatar. Koriyar kujera ta zama "Kujerar mutum uku, koriya". Manaja ya nemi a rubuta "ƙwararren manaja", Madam ta ce ƙwarewa ba ta fitowa a hoto, aka bar shi a "Manajan kanti a tsaye". Da aka zo kan Kawu, Kawu Babba ya roƙi a bar na tumbin, aka ƙi.

Can ƙasan shafi, bayan madubai, sai ga wani hoto da ba wanda ya san da shi. Ba-Gyara ne da kansa, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Wayar ta karanta: "Hoto. Gwanin gwanaye, wanda ya ƙera wannan shafi shi kaɗai."

Ba-Gyara ya kai hannu zai goge. Kawu ya riƙe hannun.

"A'a. Mutum ba ya yi wa kansa shaida." Ya tura kwamfutar gaban 'yarsa. "Ke kika fi kowa saninsa. A taƙaice, kuma tsakani da Allah."

Ta goge hannu a mayafi, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta buga da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Ta tura. Kowa ya juya ga Kawu Babba, shi kuma ya ɗaga wayar sama don a ji da kyau.

"Hoto," in ji muryar. "Mijina ne. Ku yi haƙuri."